Masu sayen faɗuwar rana sun tafi

Ɗan ƙanwata ya zo mini makon jiya bakinsa har kunne. Wai wani ɗan Nijar mazaunin Beljiyam ya ga zanensa a Facebook, kwale-kwale da faɗuwar rana a bayan Gadar Kennedy ta nan Yamai, ya aiko da kuɗi ya ce a yi masa biyu irinsa. Shi ke nan fa, yaro ya yanke shawara: zai bar shagon da yake aikin buga alluna da kwamfuta, ya tare a bakin kogi, kullum zane ɗaya, ya ɗora a intanet kafin isha'i. Na bi shi har unguwar Kombo in ga aikin da idona. Ya kafa allonsa yana fuskantar ruwa, amma idonsa na kan waya. Hoton da ya ɗauka jiya yake kwafa, ga kogin Isa, wato kogin Neja, kwance a gabansa, ga wani jirgin kabewa ana sauke masa kaya ko kallo bai ishe shi ba. Na ce, "Kai, ɗaga kanka mana." Ya ce, "Kawu, ai hasken jiya ya fi kyau."

Ban tanka masa a wurin ba, don in na fara ba zan tsaya ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, ko shi da ire-irensa da nake gani yanzu da buroshi a gefen ruwa za su karanta, in dai suna iya karanta abin da ya wuce layi uku.

Ni asalina mai rubuta allunan shaguna ne. A ƙarshen shekarun 1980 ina da rumfa kusa da Ƙaramar Kasuwa, kasuwar da gobara ta cinye a 2012. Allon mai aski, allon tela, sunan mai mota a goshin motarsa, abin da nake ci da shi ke nan, kuma yana ciyar da ni. Da yamma nakan sauka bakin ruwa da kwali da ragowar fenti in zana jirage don jin daɗin kaina. Wata rana wani Bature daga cikin masu aikin taimako ya tsaya a bayana, ya daɗe yana kallo, ya miƙo mini jika 5 ya ɗauki kwalin fentin ko bushewa bai yi ba. Allon mai aski sai in kwana biyu a kansa ban samu rabin haka ba. Kafin wata ya zagayo na bar wa yaron shagona rumfar, na ce wa mahaifiyata Allah ya buɗa mini wata ƙofa. Ta ce, "To, Allah ya sa ƙofar tana da ɗaki a bayanta." Na yi fushi da maganar.

Shekarun farko, gaskiya, na yi aiki na kirki, wannan ba zan rage wa kaina ba. Da na idar da sallar asuba sai kwata. Na san yadda Basarke yake tsayawa a gindin kwale-kwale da sandar gora, nauyinsa duk a ƙafar baya. Na san jirgin da aka yi wa faci da gwangwanin man gyaɗa da kwalta, da yaron da ke zaune a tsakiyarsa yana kwarfe ruwa da yankakkiyar jarka. Na gane cewa cikin jirgi ya fi ruwa duhu, kuma inuwarsa a ruwa ba baƙa ba ce, tana da launin ƙasa da ɗan kore. Wannan ba a koyonsa sai ka zauna rana ta gasa ka. Masu wanki da ke shanya a kan duwatsu da ciyawa a ƙasan gada, majemar Gamkalle da warinta, duk na zana su a lokacin.

To amma ba su ake saye ba. Abin da ake saye ɗaya ne: sama ja da ruwan goro, rana kamar rabin faranti, baƙin kwale-kwale da baƙin mutum ɗaya a ciki, giginya a gefe. Wanda ya sha lemo a barandar otal ya kalli yamma, shi yake so ya tafi da shi ƙasarsu. Sai na riƙa yin sa. Tun ina kallon ruwa in yi, har na koma ina yin guda uku jere da juna, in shafa musu ja gaba ɗaya, in bi su da baƙi gaba ɗaya. Kullum ina bakin kogi, ba fashi, duk wanda ya san ni ya san wurin zamana, amma zaman ya zama talla kawai. Bature na son ya ga mai zane a gaban abin da yake zanawa. Ni ban da waya a lokacin, kaina nake kwafa.

Ina da hujjoji, kuma har gobe ban ce dukansu banza ne ba. Na yi aure, ƴaƴa sun zo, hatsi ba a sayensa da yabo. Sannan akwai maganar malamai a kan zana abu mai rai. Mahaifina bai taɓa sakin jiki da sana'ar ba, sai na samu mafita a baƙin mutum marar fuska, na ce ai inuwa ce. Raina ya kwanta, aljihuna ma ya kwanta, tunda inuwa ta fi sauƙin zanawa. Wace ce ta fi rinjaye a cikin biyun, tsoron Allah ko ƙyuya, na bar wa Mai sama. Akwai kuma wani littafin hotunan zane da wata Baturiya ta bar mini, a ciki na ga aikin Claude Monet, Bafaranshen da ya zana tashar jiragen ruwa ta Le Havre da fitowar rana a 1872, har ya mai da wani ƙaramin jirgi ɗakin zanensa a kan kogin Seine. Na ga yana maimaita abu ɗaya sau da yawa, tarin ciyawa ko ƙofar coci, na ce to ni wa zai zarge ni? Sai da na tsufa na lura cewa a cikin nasa ba biyu da suka yi kama, don kowanne da sa'ar da ya yi shi da hasken sa'ar. Nawa kuwa ko ni ba na bambance na bara da na bana.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Fentin mai na cikin ƴan bututu, da takarda mai kauri, da buroshi, duk daga waje suke zuwa, kuɗinsu ya ninka. Nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na koma fentin bango da na ƙofa, ina shafawa a kan akoko tsurarsa, ba tare da na fara toshe shi da gam da farin shafe ba. Na san sarai mai yana cin zare, na san zai tsage. Na ce ai kafin ya tsage mai shi ya hau jirgi. Wani ya dawo bayan shekara biyu da nasa a naɗe, ya warware a gabana, jan saman yana zuba ɓarɓashi a kan tabarma. Bai yi faɗa ba, ya dai ce ya ɗauka zan so in gani. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Amma kuma ku faɗa mini, wa ya tambaye mu kafin a karya kuɗin? Mai shagon tsaraba na wani otal da ya karɓi zanena da yawa ya ce sai an sayar, har ya rufe shagon ban ga ko dala ba, shi wa ya kai masa ɓarɓashi?

Kasuwar ba rana ɗaya ta mutu ba. Bayan sace wasu samari Faransawa biyu a wani gidan cin abinci na unguwar Filato a Janairun 2011, Turawa suka daina yawo da ƙafa a bakin ruwa. Ragowar kuma suka watse bayan juyin mulkin Yulin 2023. Na waiwaya rumfata, ashe injin buga alluna ya riga ya cinye sana'ar, yaron da na bar wa shi ne ya koyi kwamfuta. Ba wannan ya fi ci mini rai ba. A gabana aka gina gada ta biyu, wadda ƴan Sin suka yi aka buɗe a 2011, ta uku kuma a 2021. A gabana yashi ya riƙa cike kogin, tsibirai suna fitowa inda da ruwa ne. Kowace shekara ruwa biyu yake zuwa Yamai: jan ruwa a Agusta da Satumba, wanda kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ke kwasowa daga wajen Burkina da jar laka, sai baƙin ruwa na damunar Gini, wanda yake jinkiri a fadamun Mali bai cika a nan ba sai wajen Janairu. Launi biyu, tsayi biyu, jirage ma wurin tsayawarsu yana canjawa. Ga hazon hunturu da ke shafe Harobanda, tsallaken kogi, har ka rasa inda ruwa ya ƙare. Duk wannan ya wuce ta gabana ina shafa ja. Ɗan abin da na zana na gaskiya a farko, na sayar da mai kyau, na cusa saura a kwali a ƙarƙashin gado. Gara ta ci rabi, ambaliyar Satumban 2020 da ta shiga unguwar Lamorde ta gama da sauran. Yau in jikana ya ce in nuna masa yadda bakin ruwa yake kafin a haife shi, sai dai baki.

Na zauna da niyyar jera muku shawarwari da yawa, da na duba sai na ga yawancinsu surutu ne.

Kada ka bar aikin da ke ba ka abinci saboda mutum ɗaya ya saya. Mutum ɗaya ba kasuwa ba ne, balle wanda ba ka taɓa ganin fuskarsa ba. Ka yi zanenka tsakanin asuba da hantsi, ka tafi shago. Na san abin da za ka ce, kuma da gaskiyarka: hannu ba ya faɗawa sai da kullum, kuma ni kaina duk abin da na iya a shekarun da ba ni da wani aiki sai shi na koye shi. To ban san yadda za ka haɗa biyun ba. Ka rage barci. Ku da kuke kwana kuna latsa waya har 2 na dare, kada wanda ya ce mini ba lokaci.

Wayar nan ka sa ta a aljihu muddin buroshi na hannunka. Hoto yana kashe inuwa, ya mai da ita baƙa ƙirin, ya ƙone sama ta zama fara, kuma ya tsai da jirgi cak, alhali jirgin da ke ɗaure ma juyawa yake yi da igiyarsa. Sai a 1841 wani Ba'amurke mai zane, John Rand, ya ƙirƙiro bututun fenti da ake matsawa, da shi ne fita waje da fentin mai ya yi sauƙi. Mutane sun samu hanyar fita su kalli abu da idonsu, ku kuma kun fito kun mai da kanku cikin gilashi. In haske ya canja kafin ka gama, kuma zai canja, don a nan da rana ta ɗaga launi ya gudu, ka bar shi haka. Ka yi ƙarami, kamar tafin hannu biyu. Amma da ka gama, fito da wayar ka ɗauki hotonsa, ka rubuta rana da wata da wuri a bayan takardar. Da ina da wannan abin da nake zagi a zamanina, da gara ba ta gama da ni ba.

Faɗuwar rana kuwa, ka sayar, ban hana ka ba, yunwa ba ta san fasaha ba. Sai dai duk wanda ka ji a ranka ya fi sauran, shi ne ba na sayarwa ba, ko nawa aka taya. Akwatin ƙarfe, a kan bulo, nesa da bango. Na san ba za ku ji ba, kuɗin sayen data zai ƙare ku fito da shi.

Sauran ƙanana ne. Ka gai da masu jirgi kafin ka kafa allo, ka nemi izini kafin ka zana fuskar mutum, musamman mata masu wanka da wanki, in an ce a'a ka matsa. Yanzu samari sai su doso mutum da waya ba ko sallama. Kusa da gada kuma ka yi hankali, zamanin nan wani mai kaki zai iya ganinka kana auna ta da fensir ya ɗauka wani abu ne, ka kwana kana bayani. Kada ka tsaya cikin ruwa kana wanke buroshi, tsargiya ba ta san mai zane ba. Lokacin hunturu fentin ruwa yana bushewa kafin ka kai ƙarshen layi, na mai kuma ya kwashi ƙura, sai ka jiƙa takarda tukuna ko ka juya wa iska baya. In kuɗin fenti ya gagare ka, fentin ruwan da ake kawo mana daga Turai da ƙaro ake haɗa shi, ƙaron ɗakwarar dajinmu. Niƙa jar ƙasa ta yi laushi, ko shuni, ko gawayi, ka kwaɓa da ruwan ƙaro, zai yi maka aiki a takarda, ya fi fentin bango mutunci.

Wanda yake son ganin yadda ake toshe akoko kafin a shafa masa fenti, ya same ni gida ranar Lahadi bayan la'asar. Ya zo da akokonsa da gam ɗinsa, ni ba ni da na bayarwa.