Tudun da ya yaudare ni wata guda

Ƙannena masu karatun injiniyan lantarki, lokacin da aka koya mana ire-iren sigina, hadda kawai na yi. Akwai mai gudana ba yankewa, kamar muryar mutum a cikin iska, akwai wanda ake tsinka lokaci-lokaci ana ɗaukar samfurinsa. Wani yana maimaita kansa, wani sam. Wani kana iya rubuta lissafinsa ka san abin da zai yi nan gaba, wani kuwa hayaniya ce, sai dai a auna ta da ƙididdiga. Na juye a takardar jarrabawa, na ci, na manta.

A aikin kammala karatu ne abin ya kama ni. An ba ni ƙaramin injin lantarki in auna girgizarsa. Na manna masa na'urar auna girgiza, na jona ta da kwamfuta, na sa ta riƙa ɗaukar samfuri 1,000 a kowace daƙiƙa. Zane ya fito da tudu mai kyau a haz 300, wato kaɗawa 300 a daƙiƙa. Na yi kusan wata ina rubuta bayanin abin da ke sa injin girgiza a wannan wurin. Malamina ya duba shiru, sai ya ce, "Wace na'urar tacewa, wato matata, ka sa kafin ka mai da siginar lambobi?" Babu. Ya ce in ɗaga samfurin zuwa 4,000. Tudun ya tashi daga 300 ya koma 700.

Ashe girgizar a haz 700 take tun farko. Da yake samfurina bai kai ninki biyunta ba, sai ta ɓad da kama ta fito a 300, wato 1,000 a cire 700. Irin abin nan ne da kuke gani a bidiyo, tayar mota na gudu gaba amma ido na ganin tana juyawa baya. Dokar da Harry Nyquist ya share wa hanya a 1928, Claude Shannon kuma ya tabbatar a 1949, ta ce yawan samfuri ya zarce ninki biyu na mafi saurin kaɗawar da ke cikin siginar. Shi ya sa faifan CD ke ɗaukar 44,100, domin kunne na ji har wajen haz 20,000, wayar tarho kuwa 8,000 sun ishe ta.

Ku riƙe wannan da kyau: idan siginar ta riga ta shiga kwamfuta da kamar ƙarya, babu manhajar da za ta raba ta da ta gaskiya. Matatar a gaba ake sa ta, tun siginar tana analog, wato mai gudana ba yankewa.

Kuskurena na biyu ƙarami ne amma ya fi ba ni kunya. Wani guri-guri ya dame ni a ma'aunin, na ɗauke shi hayaniya, na yi ta maimaita awo ina ɗaukar matsakaici ko zai lafa. Hayaniyar gaske ta kwanta, shi yana nan daram. Ba zai tafi ba, don mai maimaita kansa ne, wutar lantarki ce ke kutsowa ta wayoyina a haz 50. Ku fara duba ko abin da ke damunku na da tsari kafin ku kira shi hayaniya. Da na gajarta wayoyin na sa matata mai cire haz 50 kaɗai, cikin rabin awa zanen ya fito fes.