Idan ƙirƙirarren harshe ya shigo cikin gida

Masu ƙirƙirar harsuna domin fina-finai sukan ɓata lokaci mai yawa a kan nahawu da tsarin sauti, amma abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda irin wannan harshe zai kasance idan aka miƙa shi ga iyali suka yi zaman yau da gobe da shi.

An taɓa gwadawa. Masanin harshe Marc Okrand ya tsara harshen Klingon domin fim ɗin Star Trek na 1984, ya kuma fitar da ƙamusinsa a 1985. Da gangan ya mayar da shi baƙo ga kunne, ta yadda abin da aka yi wa aiki ne ke zuwa farkon jimla, mai aikin kuma ya zo ƙarshe. A shekarun 1990 wani uba a Amurka ya ɗauki niyyar yi wa jaririnsa magana da Klingon kaɗai, uwar kuma tana yi masa Turanci. Nan take giɓin ya bayyana, domin harshen mayaƙa ne, cike da kalmomin yaƙi da jiragen sararin samaniya, alhali a lokacin ko sunan teburi babu a cikinsa. Yaron yana fahimta, amma da ya yi wayo ya ga ba shi da abokin hira sai mahaifinsa, sai ya juya wa harshen baya.

Wani ƙirƙirarren harshen kuwa, mai suna Esperanto, ya tsallake wannan siraɗi, kuma a ganina dalilin ba sauƙin nahawunsa ba ne kawai. Likitan ido Zamenhof, wanda ya wallafa shi a birnin Warsaw a 1887, ya sakar wa jama'a harshen bai riƙe haƙƙin mallaka ba. Kafin shi, limamin Katolika Bajamushe Schleyer ya ƙirƙiri harshen Volapük a 1879, ya tara mabiya masu yawa, amma ya kafe cewa babu mai taɓa masa ƙa'ida, kuma bayan taron da suka yi a birnin Paris a 1889 mabiyan suka rarrabu.

Masu Esperanto sun yi auratayya, sun haifi 'ya'yan da suka buɗi baki da shi, har suna da karin magana na zolayar wanda ya koma harshensa na gado a tsakiyar taronsu, inda sukan ce yana yin kada, wato dabbar nan ta ruwa. Zamenhof bai rubuta wannan a littafinsa ba.