Hadarin da ke tasowa Argungu da kumfar teku

Jama'a, iskar damina da ke kawo mana ruwa a Kebbi daga Tekun Atilantika take fitowa, ta yi tafiyar fiye da kilomita 600. Ba tururi kaɗai take ɗaukowa ba.

Idan igiyar ruwa ta karye, iska kan maƙale a ciki ta zama kumfa. Kumfar na tasowa tana kwasar maiƙo da yauƙin da ƙananan tsirran teku da ƙwayoyin bakteriya ke fitarwa, waɗanda ke taruwa a fatar ruwan, wato siririn shimfiɗin da ke can samansa, kaurinta bai kai milimita 1 ba. Da kumfar ta fashe, sai ɗigo iri biyu su tashi: ƙanana daga ɓawon kumfar, su ne suka fi ɗaukar maiƙon, da manya daga gindinta, galibinsu gishiri.

Tururi ba ya zama girgije sai ya sami ƙwayar da zai kwanta a kai, kamar ƙwayoyin gishiri da maiƙon nan da iska ke ɗaukowa daga ɗigon teku. Gishiri na jan laima sosai. Idan maiƙo ya lulluɓe shi, jan nasa kan ragu. Amma abin da ya fi burge ni shi ne ƙanƙara. Tsantsar ɗigon ruwa na iya kaiwa kusan digiri 38 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyas bai daskare ba, alhali wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyin kan sa ya daskare tun sanyin bai kai haka ba, ƙanƙarar ta yi nauyi, ta narke a hanya ta sauko ruwa.

Kada dai mu ɗora wa teku komai. Kafin iskar ta iso fadamar Rima, ruwan saman Kudu ya wanke kaso mai yawa na ƙwayoyin tekun, ƙurar Sahara da hayaƙi sun shiga ciki.