Ranar da Ben Nevis ya kore mu

Ni da nake taƙama na san sanyi don na yi hunturu a Jos, Asabar ɗin nan na gane kurena. Da sassafe muka tashi daga garin Fort William na Scotland za mu hau Ben Nevis, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Birtaniya, mita 1,345. A gindinsa yayyafi ne kawai. Muna wuce wani tafki da ke rabin hanya iska ta taso, ƙanƙara tana dukan fuska kamar ana watso tsakuwa. Can sama komai ya koma fari fat, sama da ƙasa suka haɗe, da ƙyar nake hango wanda ke gabana.

Bayanin jagoranmu ne ya fi kaɗa min hanji. Ya ce iska kan tara dusar ƙanƙara a bakin gaɓar dutsen ta arewa, ta yi rumfa ba komai a ƙarƙashinta. Ka taka kana zaton ƙasa ce, shi ke nan.

Wayar da nake ji da taswirarta ma, sanyi ya shanye batirin. Ga Disamba, kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi. Da jagoran ya ce mu juya, ko musu ban yi ba. Har yanzu yatsuna biyu suna zugi.