Godiya bayan abin da ya same mu a hawan Mambila

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, ina gida cikin iyalina, ko ƙwarzane babu a jikina. Labari ya riga ni isowa, har wasu sun ji wai motarmu ta faɗa rami. Ba ta faɗa ba, amma saura ƙiris. Tunda ba zan iya bin kowa gida-gida ba, bari in yi godiyata a nan, in kuma faɗi yadda abin ya kasance.

Wanda ya san tsaunin Mambila, a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, ya san hawan da ake yi daga Mayo Selbe, duk kwane-kwanensa, da sauƙi, don kwalta ce. Aiki yana farawa ne idan ka bar kwalta ka nufi ƙauyuka da damina. Wuri ne mai tsayin sama da mita 1,500 daga teku, ƙasa ja mai santsi, ruwa kuma ba ya ɗaga ƙafa a watan Agusta. Shi ya sa har yau tsofaffin Land Rover ne ke riƙe da waɗannan hanyoyi. A irinsu muka loda gishiri da kanwa na shanu da buhunan shinkafa, muka tashi daga Nguroje.

A wani dogon hawa, dama rami, hagu jikin tudu, mun kusa kaiwa ƙarshe sai tayoyi suka shiga juyawa a banza, laka na tashi, inji ya yi tari ya mutu. Direbanmu matashi ne. Ya danne birki iya ƙarfinsa, mota ta tsaya hanci sama. Ina zaune a gaba, ta gilashi ba abin da nake gani sai gajimare. Da na duba ƙasa, ƙafarsa ta dama na rawa a kan birki, ta hagu kuma ta nutsar da kuloci.

Bayan Allah, babbar godiyata ga wani dattijon direba ne da ke gindin tudun da tasa motar, yana jira mu haye kafin ya taso. Da ya ga mun tsaya sai ya hauro da ƙafa, ta gefe, bai bi sawun taya ba. Kafin ya yi wa kowa sannu, yaron motarmu ya fara daka wa tsawa, don ya ruga bayan taya da waigi a hannu: "Kai yaro, fita daga bayan motar nan!" Ya sa muka sauka ɗaya bayan ɗaya ta ɓangaren tudu, sannan ya tsaya daidai tagar direba.

"Ɗana, riƙe birkin nan yadda yake, kada ka riƙa dannawa kana saki. Ja hambirki. Ƙaramar giyar hawa tana ciki? Ka kulle tsakiya?" Wato giyar da ke haɗa tayoyin gaba da na baya su riƙa juyawa tare.

"Duk suna ciki, Baba."

"To sa ribas. Ɗauke ƙafarka daga kuloci ka ajiye ta a ƙasa, kada ta koma sai ka isa gindin tudu."

"Baba, ai inji a mace yake."

"Na sani. Yi abin da na ce."

Ya leƙa ya tabbatar tayoyin gaba a miƙe suke. Ya sa shi ya sauke hambirki, ya sassauta birki a hankali. Mota ta ɗan zauna baya, muka yi salati gaba ɗaya, sai ta tsaya cak, giya ta riƙe ta. Sannan ya ce ya murɗa makulli ba tare da taɓa kuloci ba. Inji ya kama, mota ta soma komawa baya da tafiyar da mai ƙafa zai iya jerawa da ita, dattijon na biye ta gefen gaba. A tsakiyar gangaren tsoro ya sa yaron ya taka birki da ƙarfi, nan take hancin mota ya fara zamewa wajen rami. Dattijon ya buga jikin motar da tafin hannu: "Saki!" Ya saki, tayoyi suka koma juyawa, mota ta miƙe, har ƙasa.

Muna jin wuta daga baya na tambaye shi dalili, don hankalina bai ɗauki a ce a saki birki alhali rami na jira ba. Ya ce idan mota ta ɗaga hanci, nauyinta yana komawa kan tayoyin baya, gaba ya yi sakayau. Shi kuwa birki an ƙera shi ne don mai tafiya gaba, mafi yawan ƙarfinsa a tayoyin gaba yake. Saboda haka in kana ribas a gangara ka taka da ƙarfi, na gaban ne ke fara cijewa, kuma tayar da ta daina juyawa ba ta jin maganar sitiyari, sulɓi kawai take yi. Daga nan hanci ya juyo, mota ta gitta a jikin tudu, ga kaya a samanta, sai kifewa. Wanda ya ce zai juya kan mota a tsakiyar hawa ma nan zai ƙare. Inji kuwa, idan giya na ciki, yana riƙe tayoyi huɗun ne suna kuma ci gaba da juyawa. Da ka taka kuloci ko ka sa firi, ka raba su da inji, birki ne kaɗai ya rage maka, shi ma idan inji ya mutu taimakon da yake samu ba ya wuce taki biyu ko uku, sai ya sandare. In dole sai an taɓa birki, ya ce, a taɓa shi kamar uwa mai duba zazzaɓi a goshin ɗanta. Ya kuma ja kunne a kan hambirki: na Land Rover farfela yake kamawa a bayan giya, wato sandar da ke juya tayoyin baya, ba taya ba, na motar da ke tsaye ne, fizgarsa tana tafiya ɓarna yake jawowa.

Wani ɗan uwana makanike da ya ji labarin ya ce tun 1997 kamfanin Land Rover ya fito da na'urar da ke sarrafa birki da kanta a gangara, a ƙirar Freelander, ya kuma ce wasu sabbin motoci ba sa tashi sai an taka kuloci, don haka kowa ya san halin motarsa. To, tamu dai ta girmi wannan zance.

Na ba dattijon nan abin goro ya ƙi karɓa, ya ce in ƙara wa masu ɗaukar kaya. Allah ya saka masa da alheri, ya tsare masa hanya, ya shirya masa zuriya.

Direbanmu ma ya cancanci godiya, kuma masu cewa gangancinsa ne su yi masa adalci. Laka ba ta san gwani ba. A ganina abin da ya yi ya fi sanin ƙa'idar wuya: ana ce masa ɗauke ƙafa, ya ɗauke, bai tsaya musu da babba ba.

Ina godiya ga samarin ƙauyen da suka sauke rabin kayan suka haurar da su a ka cikin yayyafi, har mota ta yi sauƙin da ta haye da yamma. Ina godiya ga matan rugar da suka aiko mana da madara mai zafi ba tare da sun san ko su wane ne mu ba, da mai gidan da ya buɗe mana zaure muka shanya tufafi. Haka maƙwabta da suka yi ta zarya gidana suna kwantar wa iyali da hankali, da jama'ar masallacinmu da suka sa mu a addu'a. Allah ya bar zumunci.

Waɗanda suka yi ta kira ba su same ni ba, ku yi haƙuri, wurin babu sabis, wayar kuma ta sha ruwa. Masu kaya, amanarku ta isa hannun waɗanda kuka ce a ba, buhu ɗaya na shinkafa ne ya jiƙe, shi ma mun daidaita da mai shi.