Matsakaicin farashi da tsawon lokacin da aka auna

Duk wanda ke hulɗa da 'yan kasuwar hatsi a Zariya da Giwa ya san cewa masara ba ta da farashi ɗaya a shekara. Tana araha da kaka, sa'annan ta yi tsada idan damina ta yi nisa, rumbuna sun soma ƙarewa. Saboda haka, idan aka ce matsakaicin farashin buhu a bara kaza ne, ya kamata a tambaya: wane lokaci aka ɗauka, kuma buhu nawa aka saya a cikinsa?

A ƙaddara cewa ɗan kasuwa ya sayi buhu 90 da kaka a kan naira 30,000 kowanne, ya ƙara buhu 10 a watan Yuli a kan naira 60,000. Mai gaggawa zai haɗa farashin biyu ya raba gida biyu, ya ce matsakaicin naira 45,000 ne. Amma abin da ya fita daga aljihunsa naira miliyan 3.3 ne a kan buhu 100, wato naira 33,000 kowane buhu. Wannan tazara ta naira 12,000 ta isa ta sa mutum ya ƙi sakin kayan da yake da riba a kansu, yana zaton faɗuwa zai yi. Tushen matsalar shi ne an ba lokutan biyu nauyi ɗaya, alhali kayan da aka saya a cikinsu ba ɗaya ba ne. Haka abin yake ga rahoton rubu'in shekara, domin haɗa matsakaicin watanni uku a raba uku ba ya yin daidai sai idan yawan kayan kowane wata ya zo ɗaya.

Zaɓen lokacin ma yana da nasa tasiri. Mai shago a Samaru da ya lissafa cinikinsa na shekara a dunƙule ba zai ga ramin da hutun ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ke bari ba, kuma a wannan ramin ne kuɗin haya ke gagara. Azumi kuwa yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara a kalandar Miladiyya, don haka tela da ya kwatanta Maris na bana da na shekarun baya yana iya kwatanta watan ɗinkin Sallah da watan da babu komai.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake karanta rahoton hauhawar farashi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da canjin wata zuwa wata, da na wannan wata idan aka gwada da irinsa na bara, da kuma matsakaicin watanni 12. Na ƙarshen yana jinkirin nuna sauyi, domin yana ɗauke da watannin da suka wuce, yayin da mai sayen mudun shinkafa a kasuwar Tudun Wada na farkon yake ji a aljihunsa.