Ranar da na sauke allon bango

Da aka ba ni shugabancin sashen tsabtace kayan tiyata a wani asibiti da ke Ikeja, abin da na fara yi shi ne rataya allo a bango. Kullum ina rubuta yawan tiren kayan tiyata da kowa ya haɗa. Mai yawa in yaba masa, mai kaɗan in kira shi ofis.

Wata safiya da damina aka ɗauke wuta otokilef, wato injin da ke kashe ƙwayoyin cuta a jikin kayan tiyata da tururi, yana tsakiyar aiki, kafin janareta ya karɓa zafi ya sauka. Ƙa'idar aikinmu a fili take: tururi ya kai digiri 134, ya tsaya aƙalla minti 3, sannan kaya su bushe sarai. In aikin injin ya katse, a warware, a sake naɗi, a fara daga farko. Ƙunshin da ya fito da danshi ba ya shiga ɗakin tiyata, domin ƙwayar cuta na bin lema ta ratsa naɗin.

Yaron da ke kan injin ɗan unguwarmu ne, Agege. Sau biyu nas tana zuwa, likita na jira, ya ƙi sakin kayan. Da na iso na tarar yana ta zufa. Ya ce, "Oga, wallahi na san lambata za ta faɗi yau, amma kayan nan a jiƙe suke."

Kalmar "lambata" ta soke ni. Ashe allona ne ya sa yin daidai ya zama abin tsoro. Da kaina na je na ba likita haƙuri, aka jinkirta aikin, da yamma na sauke allon.

Yanzu abin da nake ƙirgawa shi ne tiren da ɗakin tiyata ya dawo mana da shi, da dalilinsa: almakashi bai cika ba, naɗi ya yage, ko an ga busasshen jini a gaɓar ƙarfe. Gwajin Bowie-Dick na safe, wanda ke nuna ko injin na fitar da iska gaba ɗaya, sai na ga takardarsa da sa hannu kafin a loda komai. Wanda ya kawo rahoton kuskurensa da bakinsa ba na hukunta shi. Tare muke zama mu gano inda aka kauce.

A nan na gane darajar wata dattijuwa da kullum take ƙasan allo. Kowane almakashi sai ta buɗe shi ta duba a ƙarƙashin fitila, don ta san abin da bai wanku ba tururi ba ya tsarkake shi. Da wuya tirenta ya dawo. Na je har teburinta na ce, "Mama, ki yafe mini." Duk sabon ma'aikaci yanzu a gefenta yake yin makonsa biyu na farko.